Ni Na Haɗa Sautin Bulus Tsawa

Tun da aka nuna fim ɗin Bulus Tsawa a garin nan ba ku bar ni na huta ba. Duk wanda ya kawo mani makirfon cocinsu ko lasifikar biki sai ya tsaya ya ce, "Baba Ishaya, ashe ka san Injiniya Markus?" Na san shi. Ku zauna a bencin nan, amma kada kowa ya jingina da tebur, ƙarfen soda, wanda nake narkar da dalma da shi, yana da zafi. Ku ne kuke cewa haɗa sauti ba aiki ba ne, a soka waya a danna kwamfuta, shi ke nan. To, bari in gaya maku yadda aikin yake lokacin da babu abin dannawa, in kuma nuna maku wuraren da fim ɗin ya yi ƙarya.

Rediyon farko da na buɗe ya kusa kashe ni. Ina da shekara ashirin lokacin, na sauko Kafanchan daga Kagoro, babana ya damƙa ni a hannun Malam Sule mai rediyo. Malam Sule ɗan tsoffin 'yan kasuwar garin nan ne, shagonsa yana kallon tashar jirgin ƙasa. Ran nan ya tafi sallar azahar ya bar wani babban rediyo a buɗe a kan tebur. Na ga an zare shi daga wuta, sai na ce bari in sa hannu in ji yadda cikinsa yake. Ban san akwai wata 'yar gwangwani a ciki, wadda muke kira kwandensa, da ke riƙe wuta ko bayan an zare waya ba. Na farka na gan ni a jikin bango, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe. Malam ya dawo ya dube ni, ya dubi rediyon, ya ce, "Kun gaisa ke nan." Bai yi mani faɗa ba. Ya kama hannuna na hagu ya cusa a aljihun wandona, ya ce, "Daga yau nan ne gidansa. Hannu ɗaya ke shiga cikin akwati." Ku duba, har yanzu haka nake aiki.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ɗaya ba. Mita mai allura, filaya biyu, sukundireba uku, dalma, da ƙarfen soda wanda muke ɗorawa a kan gawayi in an ɗauke wuta. Sauran aikin na hanci ne da kunne. Ƙaurin taransfoma daban, ƙaurin waya daban, kuma Malam yakan faɗi abin da ya ƙone tun mai kaya yana bakin ƙofa. Ma'aikatan jirgi su ne manyan masu kawo mana aiki, da manyan rediyonsu masu juya faifai. Sai malaman coci da lasifikar wa'azi. Sai Fulani daga wajen Gwantu, waɗanda batir yakan zube a cikin rediyonsu ya cinye ƙarfe. Bafulatani ba ya barin rediyonsa ya kwana a shago. Zai zauna a nan inda kuke, sanda a kafaɗa, yana kallon hannunka har ka gama. A gabansu na koyi yin aiki ido na kaina.

Aikin Bulus a kan amalanke ya zo. Bulus akawu ne a sito na kayan jirgi, ɗan wani malamin makarantar mishan, an kore shi daga ƙungiyar mawaƙan coci saboda ya tara gashi. Wasu makaɗa daga kudu sun lalace a garin nan, suka sayar masa da amfilifayansu, wato akwatin ƙara sauti, don su koma gida. Mutum biyu suka sauke shi da kyar. Bawul shida ne a cikinsa, wato kwalabe masu kama da ƙwan fitila, su ne ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin zuwan taransisto. Biyu sun mutu, ɓera kuma ya yi gida a ciki. Malam Sule ya leƙa ya ce, "Aiki mai kyau ne, amma irin wannan sai an bi shi wurin rawa, ni kuwa ba na zuwa. Ishaya, naka ne." Sati biyu na yi a kansa. Bawul ɗin da na sa masa daga cikin wani mataccen rediyon shugaban tasha na ciro su.

Ga ƙarya ta farko. A fim ɗin, yaron da ya fito a matsayin Bulus ya shigo da wani ɗan baƙin akwati a hannu ɗaya kamar mai zuwa kasuwa, har da 'yar fitila shuɗiya a gaba. Ya danna, ya fara kiɗa nan take. A wane gari? Namu sai ka kunna ka jira bawul su yi ja, ka sha ruwa, ka gyara zama, sannan ya buɗe baki. In ka matsa masa da sanyi, tari zai yi maka. Kuma babu fitila shuɗiya a duniyar nan a lokacin, ja ce kawai, ita ma ƙwan tocila ce na shafa wa jan farce.

Ta biyu ta fi ciwo. Bulus bahago ne. Duk wanda ya taɓa ganinsa sau ɗaya ya san wuyan jitarsa dama yake kallo. Ni na juya masa wayoyin, na sassaƙa sabon matashin da suke hawa a kai da ƙashin saniya da na karɓo wurin mahauta, na goge shi da fayil har ya zauna. Wayar jita ba ta samuwa a nan, sai an aika Jos. In siririyar ta tsinke ranar wasa, wayar burkin keke nake warwarewa in zaro sili ɗaya. Ta kan yanka yatsa, amma tana kai mu ƙarshen wasa. A fim kuwa yaron da dama yake kaɗawa, yatsunsa ma ba sa motsi a inda sautin ke motsi. Awa biyu ina kallon wannan hannun.

Aikin Kagoro shi ne wanda ya kamata a yi fim a kansa. Ranar sabuwar shekara ce, an gayyace mu mu yi wasa da rana a wani fili a gindin dutse. Muka loda kaya a bayan akori-kura. A hanya motar ta faɗa rami, ƙafar ƙarfen da ke riƙe ganga ta soke lasifika, takardar cikinta ta yage kamar tsawon yatsa. Muka isa, jama'a sun riga sun cika, mata da kwalliya, dattawa a kan benci. Bulus ya dubi yagewar ya ce, "Ishaya, mun mutu."

Na ce, "Ba ni rabin awa."

Na shiga gari na samo takardar buhun siminti a inda ake gini, na karɓi sholisho wurin mai facin keke. Na yanka takardar daidai, na liƙe ciki da waje, na riƙe a rana har ya kama. Da Bulus ya buga wayar farko sai wani sauti ya fito mai kaushi, yana gurnani, yana rawa a ƙirjin mutum. Dutsen ya karɓa ya dawo mana da shi. Na miƙa hannu zan rage, don a wurina aikin ya ɓaci. Bulus ya make mani hannu, ya ce, "Bar shi! Kada ka taɓa!" Wata tsohuwa a gaba ta toshe kunne ta ce wannan ba kiɗa ba ne, tsawa ce. Kafin mu sauko daga filin sunan ya kama shi.

Kada ku ɗauka sa'a ce kawai. Sa'a ta kawo sautin sau ɗaya, amma riƙe shi shekara tara aiki ne. Facin yakan saki da damina, ya bushe ya ƙage da rani. Na gwada takarda iri-iri har na gane sai ta tsakiyar buhu, ba ta waje ba, kuma sholisho shafa biyu, ba uku ba. Na rage wa bawul ɗaya wuta da gangan don ya riƙa shaƙewa da wuri. Duk wasa ina tsugune a bayan akwatin da mafici, ina yi wa bawul fifita, hannu ɗaya a kan wayar da ke son saki. Mutane suna ganin Bulus yana tsalle a gaba. Ni ƙafafunsa kawai nake gani ta ƙarƙashin tebur. Mun kai Kachia lokacin cinikin citta, mun kai Gwantu, mun kai Jos. Duk Lahadi da la'asar muna wani otal a bayan tasha, kiɗan rok da Hausa da Turancin bariki, fastoci suna zaginmu da safe, 'ya'yansu suna zuwa da yamma.

To, me fim ya nuna? Ya nuna an haifi Bulus ana ruwa da tsawa, wai daga nan sunan ya fito. Sannan ya nuna Markus zaune a ɗaki da tabarau, yana zane a takarda, ya ƙera wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, Bulus ya taka, sauti ya fito, suka rungume juna. Irin wannan abin takawa ban gan shi da idona ba sai bayan ƙungiyar ta watse. Kuma ranar Kagoro Markus yana makarantar koyon sana'a a Kaduna, bai taɓa jin sunan Bulus ba.

Ƙananan kurakuran ba sa ƙirguwa. Jama'a a fim zaune suke a kan fararen kujerun roba, mu kuwa bencin makaranta muke ara. Wata yarinya tana shan ruwan leda a gaban dandali. Makirfon Bulus babu waya, yana yawo da shi cikin mutane, alhali namu wayarsa taku goma ce, kuma in ka taɓa shi da leɓe ba takalmi a ƙafarka zai cije ka. An nuna tasha da 'yan acaba jere a bakinta. An nuna rufin kwano mai launi. Ana yi masa liƙi da kuɗin leda, mu da kwabbai ake manna masa a goshi, su zame saboda gumi. Kuma waƙar nan ta jirgin safe da kuke ta rerawa, fim ya ce ita ya yi wa matarsa ranar da ya fara ganinta. Ba waƙar soyayya ba ce. Ya yi ta ne daga baya, lokacin da jiragen suka fara raguwa, abokan aikinsa suna zama a tasha babu abin saukewa. Ina wurin, a kan wancan bencin ya rubuta ta a bayan takardar sito.

Markus ya zo mana a mummunar shekara. Shekarar ce kuɗin ƙasa ya faɗi, kayan gyara suka ɓace daga kasuwa. Bawul ko na magani babu. Masu otal suka gano cewa mutum ɗaya da kaset ya fi masu sauƙi a kan ƙungiyar mutum shida masu cin abinci. A cikin shekarar Malam Sule ya rasu, shago ya dawo hannuna, aikin rediyo ma ya ja baya. Sai ga Markus da takardar shaida a cikin gilashi, da farar riga mai aljihu uku, da Turanci. Ba zan ce bai san komai ba. Ya san sunan kowane abu a littafi, ya iya zana hanyar wuta a takarda da kyau. Amma in ya yi soda sai dalmar ta dunƙule kamar kashin akuya, ka ja wayar da yatsa ta fita. Bulus ya ce ya riƙa taimaka mani. Wata takwas ya yi da mu, yawancinsu yana riƙe mani tocila.

A ƙarshen damina wani mai kamfanin faifai ya aiko Bulus ya je Legas a ɗauki waƙoƙinsa. Na kwance amfilifayan gaba ɗaya na goge, na yi sabon faci, na ƙera masa akwatin katako, na naɗe kowane bawul da tsumma. Na ɗinka riga. Saura kwana biyu Bulus ya zo nan, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

"Ishaya, wurin mutum shida suka ba mu."

"To, mu shida ne."

"Da Markus za mu tafi. Can sai da Turanci, injiniyoyinsu ba sa jin Hausa. Kai kuma ga shago."

Na ce, "Akwatin Turanci yake ji?"

Ya juya ya tafi. Ni na ɗora masu kayan a jirgi da hannuna, na nuna wa Markus wayar da ba a taɓawa, na maimaita masa sau uku cewa a duba ƙarfin wutar wurin kafin a soka. Ya ce, "Ba damuwa, Oga Ishaya, na karanta wannan."

Bayan sati uku suka dawo da akwatin a mace. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙaurin taransfoma. Ranar farko Markus ya juya maɓallin wuta na baya zuwa inda bai kamata ba, ya soka, hayaƙi ya tashi. Da amfilifayan kamfanin aka ɗauki faifan. Saboda haka ku sani, abin da kuke ji a wayoyinku kuna cewa sautin Tsawa, ba shi ba ne. Sauti ne mai tsabta kamar na kowa. Na gaskiyan bai taɓa shiga faifai ko kaset ba. A bayan faifan kuma an buga da manyan baƙaƙe cewa injiniyan sauti shi ne Markus.

Taransfomar nan da hannu na sake naɗa ta. Na warware ƙonanniyar wayar ina ƙirga zagaye, ina yin alama da gawayi a bango duk ɗari. Na samo wayar tagulla daga matacciyar fanka, na naɗa sili-sili, ina shimfiɗa takardar mai tsakanin hawa da hawa. Wata guda ya ci. Da na gama na aika wa Bulus, ya ce yana zuwa. Bai zo ba. Faifan bai yi kasuwa ba, mai ganga ya shiga soja, sauran suka watse. Bulus ya aske gashi ya koma coci, ya zama shugaban mawaƙa, bai sake ɗaukar jita ba har Ubangiji ya kira shi. Muna gaisawa a wurin jana'iza da biki. Markus ya koma Kachia ya buɗe shagon sayar da kaset. Ni na rufe akwatin da tsohon bargo na tura ƙarƙashin tebur, na koyi gyaran talabijin, bayan nan bidiyo, yanzu ga ni da lasifikokinku na roba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, sai yau. Bara wata mota ta tsaya a gaban shagon nan. Rahila ce, 'yar Bulus ta ƙarshe, wadda ke aiki a Abuja, da wani saurayi mai kitso wanda shi ne daraktan. Na riga na ji labari. Garin nan duk an san sun yi kwana huɗu a Kachia a gidan Markus da kyamara, sun kai masa shadda. Ni aka zo wurina ranar da za su koma.

Rahila ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce, "Baba, Baba Markus ya ce mu biyo ta nan."

Saurayin bai jira ba. Ya ce, "Baba, tsofaffin kaya muke nema na haya, irin na da, mu jera a bayan 'yan wasa. Rediyo, lasifika, ko ba sa aiki."

Ban ji wanda ya ce, Baba, yaya aka yi ba. Tsofaffin kaya. Gwiwar yaron tana taɓa bargon nan da ke rufe da akwatin Bulus yana magana.

Na ce, "Babu. 'Yan gwangwan sun kwashe tuntuni."

Rahila ta ce, "Amma ka san babana, ko?"

Na ce, "Kowa ya san shi. Ku tambayi injiniyansa."

Suka sha ruwa suka tafi. To, kun ji. Wancan baƙin akwati mai shuɗiyar fitila da na zage shi ɗazu, da hannuna a cikin shigarsa fim.

Ranar nunawa da rana aka yi, a wani zaure da aka toshe tagoginsa da barguna. Ba a aiko mani da kati ba, na sayi tikiti kamar kowa, na zauna a baya da biro da kwalin sabulu ina rubutawa. Markus yana layin gaba cikin shaddar, kusa da manyan baƙi. Yaron da ya fito a matsayinsa dogo ne kyakkyawa, Markus kuwa bai taɓa wuce kafaɗata ba. Na jira in ga ko zan fito. Akwai wani mutum a fim ɗin da ba a kira sunansa ba, yana ɗaukar ganga a ka, ya yi tuntuɓe, jama'a suka yi dariya. Ban sani ba ko ni ne. Da aka gama aka kira Markus dandali, aka tafa masa a tsaye. Mata suna guɗa. Kwalina ya cika ciki da baya.

A waje na tare Rahila. Na fara karanta mata, kujerun roba, ruwan leda, makirfo. Tana saurara tana gyaɗa kai. Da na zo kan hannu sai ta ce, "Bahago?"

Na ce, "A jita, ƙwarai. Cokali da biro babansa ya tilasta masa dama da bulala, amma jita ba wanda ya isa."

Ta dubi kwalin. Ta ce, "Hoto ɗaya muke da shi da jita, na bayan faifai. A hoton da dama yake kaɗawa."

Na ce, "Masu bugawa ne suka juya hoton. Ki duba maɓallan rigarsa."

Sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Baba, ni ban taɓa ganin babana da jita ba. Na tashi na same shi da littafin waƙoƙin sujada. In na tambaye shi sai ya ce wancan mutumin ya mutu. Mamana ta riga shi tafiya. Mun zo wurinka, Baba. Ka ce babu komai."

Sauran abin da ke kwalin ban karanta ba. Na ce mata in ta samu lokaci ta zo ranar Talata, akwai abin da zan kunna mata. Ta ce to. Aiki ya kira ta Abuja washegari. Ta yi waya sau biyu tana ba da haƙuri, ta ce sai Kirsimeti. Na sake facin na ajiye.

Watan jiya kuma sai ga Markus da kansa a bakin ƙofa, da sanda, bayan shekaru masu yawa bai tako nan ba. Ciwon suga ya ci masa ido ɗaya, hannunsa yana rawa. Direba ya sauke wani amfilifaya mai bawul huɗu, tsoho amma mai kyau. Wani mai kuɗi ne a Abuja ya aiko, na mahaifinsa ne, ya kalli fim ɗin ya ce ba wanda zai taɓa shi sai Injiniya Markus.

Markus ya zauna a benci. Ya ce, "Ishaya, hannuna ya mutu. Ko da yana da rai ma, kai ka san ni."

Na ce, "Ka gaya wa masu fim haka?"

Ya ce, "Na ce masu su zo wurinka. Allah ya sani na ce."

"Ka ce masu ni na yi facin Kagoro?"

Ya ce, "Sun riga sun kafa kyamara. Sun kira ni injiniya a gaban jikokina. Shekara nawa ina sayar da kaset da cajar waya, ba wanda ya taɓa tambayata komai." Ya share baki da hannun riga. "Ban ce ni na yi ba. Ban dai ce ba ni ba ne."

Na so in ce ya ɗauki kayansa. Amma na riga na leƙa ta bayan akwatin, na ga ba wanda ya taɓa cikinsa tun daga masana'anta, sodar tana nan sumul. Rabona da irin wannan aiki ya fi shekara ashirin. Na miƙa masa tocila na ce, "Riƙe. Nan, ba fuskata ba."

Kwana biyar yana zuwa daga Kachia kullum da safe. Kwandensa uku sun bushe, bawul ɗaya ya yi rauni, na ciro nawa daga cikin gwangwanin da nake ɓoye su na sa. Hasken tocilar yana ta rawa a cikin akwatin, na ci gaba da aikina a haka. Da rana mukan aika a sayo mana gote, mu ci, mu yi musu a kan ko a Gwantu ne ko a Kachia janareta ya kama da wuta. A Gwantu ne. Ranar ta biyar bawul suka yi ja, na taɓa wayar shiga da yatsa, akwatin ya yi gurnani mai kauri har kwalaben kan shiryayye suka amsa.

Mai kayan ya zo da kansa ranar Asabar, babban mutum da turare. Ya jona jitarsa ya buga, ya rufe ido. Ya kama hannun Markus da hannu biyu, yana cewa irinsu sun ƙare a ƙasar nan, hannu mai albarka, zai gaya wa abokansa duka. Na tsaya a gefe da ƙarfen soda ina jira. Markus ya dube ni da idon nan ɗaya, ya buɗe baki. Na ga maganar ta zo har leɓensa. Sai ya ce, "Mun gode Allah, ranka ya daɗe."

Mutumin ya waiga ya gan ni, ya zaro wayarsa ya miƙo mani. Ya ce, "Baba, don Allah ɗauke mu hoto da Injiniya."

Na ajiye ƙarfen na goge hannu na karɓa. Suka tsaya a bayan tebur, amfilifayan a gabansu, Markus ya gyara hula. Kun san na iya waya, ku kuke kawo mani naku in sun faɗa ruwa. Na saita a hankali, na ɗauka sau uku don kada a samu kuskure, na kashe fuskar wayar na mayar masa, ya sa a aljihu bai duba ba.

A hoton akwatin ya fito tsaf, har jan bawul ɗin ana gani. Su biyun kuma daga wuya zuwa ƙasa.